Baba Ba Shi Ji

Sadiƙa: Salamu alaikum. Yaya? Yaya Hafizu?

Hafizu: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? A ɗaga murya, cikin kasuwa nike.

Sadiƙa: Ni ce, Sadiƙa.

Hafizu: A'a, Autar Inna! Lambar wa ce wagga?

Sadiƙa: Tawa ce. Wani layi na sa, wancan ba shi kamawa nan Isa. Ina kwana, Yaya?

Hafizu: Lahiya lau. Kun tashi lahiya?

Sadiƙa: Lahiya ƙalau. Ya Sabon Birni? Ya kasuwa?

Hafizu: Alhamdu lillahi. Ya sanyi?

Sadiƙa: Sanyi kam shina nan, da sahe ko buta ba ka son taɓawa. Kaya sun iso daga Maraɗi?

Hafizu: Sun iso jiya, su muke saukewa. Ya zaman gidan nawa? Kin saba?

Sadiƙa: Kwana shida ai na saba. Ya labarin matarka Radiyya, ta sauka?

Hafizu: Tukuna. Na yi waya Tozai jiya, innarta ta ce da saura. Ke dai Allah shi saka maki, da ba ki zo ba ban san wa za ni bar ma Baba ba.

Sadiƙa: Haba Yaya, ubana ne hwa.

Hafizu: To ya jikin nashi? Shina shan maganin sugan?

Sadiƙa: Shina sha. Ni dai, Yaya, maganar hita ce ta sa na kira ka.

Hafizu: Hita? Wa ya hita? Baba ya hita?

Sadiƙa: A'a, hita nac ce...

Hafizu: Inna lillahi! Shi kaɗai? Ban ce maki kar ki bar shi shi kama hanyar ƙauyenmu Tsamaye ba? Tun yaushe ya hita?

Sadiƙa: Yaya, tsaya mana! Ba hita waje ba. Hita! Hitar ruwan zahi, tankin ga da ka maƙala bangon makewayi.

Hafizu: Kai, Auta! Allah shi shirye ki. Kin san yadda gabana ya hwaɗi? Har na saki buhu bisa ƙahwar yarona Is'haƙa.

Sadiƙa: To ni mi za ni kira ta? Kai kac ce sunanta hita.

Hafizu: Shi ke nan, na ji. Mi ya same ta, ta lalace?

Sadiƙa: Lahiyarta lau. So nike ka gwada mani yadda ake ƙara mata zahi.

Hafizu: Ai ba ta son ƙari. Duba ƙarƙashin tankin, akwai ɗan abin murɗawa kamar na muryar rediyo. Gehe guda shuɗi, gehe guda ja. Tsakiya na karta layi da ƙusa, nan na bar ta, nan ɗin ne daidai.

Sadiƙa: Na ga layin. Ai na wuce shi tuni.

Hafizu: Kin mi? Muryarki na yankewa.

Sadiƙa: Nac ce na wuce shi! Tun ranar da ka tahi nike ƙarawa kaɗan-kaɗan. Yau na murɗa har ta ƙi gaba. Shi ne nike tambaya, babu wani wuri daban da ake ƙarawa? Rubutun jikinta duk na Faransanci ne, ban gane komi ba.

Hafizu: Har ƙarshen jan kinka kai ta? Ke kaza za ki hige?

Sadiƙa: Baba ne yac ce ruwan ba zahi.

Hafizu: Ruwan hitar ga? Da ke ƙarshen ja?

Sadiƙa: Wallahi. Ni kaina abin ya ɗaure mani kai. In na buɗe pampo, tururi ke cika makewayi har ba ni ganin ƙohwa. Ɗazu ya hwallatsar mani a yatsa, har yanzu zogi shike. Bahon roba ma ya yi laushi. Amma in na kai ma Baba, sai shi ce, "Auta, wanga ruwan randa ne kinka kawo mani?"

Hafizu: Ruwan alwala kike ba shi haka?

Sadiƙa: A'a, na alwala da na wanka shi ke sirka abinshi da hannunshi, ɗumi kawai. Wanga na jiƙa ƙahwa ne. Kullum da hantsi sai na zuba mai cikin baho da gishiri, shi sa ƙahwahunshi, yadda marigayiya Inna ke mai in ya dawo gona. Ni dai gani nike, Yaya, Baba ba shi ji.

Hafizu: Yau kinka sani? Baba dama yaushe yat taɓa jin maganar wani? Wata biyu ina roƙonshi kahin shi yarda shi baro Tsamaye.

Sadiƙa: Ba wannan ba. Ba shi ji nac ce.

Hafizu: Kunnen? Ai shekaranjiya mun yi waya, lahiya lau shike ji na.

Sadiƙa: Yaya, ƙahwa! Ƙahwarshi ba ta ji!

Hafizu: Ƙahwar...

Sadiƙa: Yaya? Kana nan? Layin ne?

Hafizu: Ina nan. Bari in hito cikin hayaniyar ga. Is'haƙa, riƙe mani lissahin buhunan, ina zuwa. To, Auta, sake hwaɗi, a hankali.

Sadiƙa: Ran Juma'a ya dawo masallaci da takalmi ƙahwa guda. Ɗayan ya zame tun bakin titi, bai sani ba, sai da nac ce, "Baba, ina takalminka?" Ya duba ƙasa, yay yi dariya, wai tsuhwa. Ni ma na yi dariya. Jiya kuma ina shahwa mai mai, sai na ga bororo bisa ɗan yatsan hagu, da wani a diddige.

Hafizu: Bororo? Ya hwashe?

Sadiƙa: Bai hwashe ba. Yac ce takalmi ne.

Hafizu: Ba takalmi ba ne. Ƙuna ce, Sadiƙa. Ruwan ga ne.

Sadiƙa: Wayyo Allah. Ni ce ke nan na ƙona shi?

Hafizu: Ba ke ba ce, ni ne. Likita ya gaya mani baki da baki, mai ciwon suga ƙahwarshi kan mutu da ji, ko wuta ya taka ba shi sani, kuma in ta yi ciwo warkewa sai an sha wuya. Shi ya sa na karta layin nan. Na gaya ma Radiyya, ke kuwa da kinka zo ina gaggawar mota, na gwada maki buhun gero da makullin shago, na manta da wanga. Kaicona.

Sadiƙa: Ni kuwa murna nike ina ƙarawa, ina cewa ina kyauta mai.

Hafizu: Bar kukan tukuna. Ina Baba yanzu?

Sadiƙa: Shina tsakar gida bisa kujera, shina shan hantsi.

Hafizu: Ruwan yau hwa, kin ɗiba?

Sadiƙa: Na ɗiba. Na aje mai bahon gabanshi, nac ce shi jira in tambaye ka ko...

Hafizu: Gabanshi? Ruga! Sadiƙa, ruga ki janye shi!

Sadiƙa: Baba! Baba, tsaya, kar ka sa! Ɗaga ƙahwarka! Ɗaga, don Allah!

Hafizu: Auta! Mi ya hwaru? Ki yi magana mana!

Sadiƙa: Na kihe shi. Na kihe bahon, ya malale wajen rariya.

Hafizu: Ya sa?

Sadiƙa: Ya naɗe wando, ƙahwar dama na bisa bakin bahon. Ba ta taɓa ba. Ga ƙasa nan na tururi inda ruwan ya bi.

Hafizu: Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ke bai zubo maki ba?

Sadiƙa: Bakin zane kawai. Ga Baba nan shina hwaɗa, wai na yi hauka, na ɓarar mai da gishiri.

Hafizu: Bar shi shi yi. Koma makewayi yanzu, ina kan layi, mu gyara abin ga kahin komi.

Sadiƙa: Na shigo.

Hafizu: Share hannunki shi bushe sarai. Ga makunni nan jikin bango wajen ƙohwa, mai 'yar jar hitila. Kashe shi.

Sadiƙa: Na kashe, hitilar ta mutu.

Hafizu: To kama abin murɗawar, ki maida shi baya, wajen shuɗi.

Sadiƙa: Wajen gudu?

Hafizu: Shuɗi! Shuɗi, kalar bula! Hagu za ki yi.

Sadiƙa: Hagun tawa ko hagun tankin?

Hafizu: Ke dai nesa da ja. Akwai ɗan tsini jikin abin, ki kawo shi daidai bisa layin ƙusa.

Sadiƙa: Ya yi tauri... yauwa, ya motsa. Ya zo bisa layin. In ƙara baya kaɗan?

Hafizu: Ƙara, ba laihi. Gara shi yi sanyi. Amma ki sani, ruwan da ke cikin tankin yanzu ba shi san kin rage ba, tahwasasshe ne har yamma. Tara bokiti ki zuƙe shi duka, ki yi wanki da shi. In ya hwara zuwa da sanyi, sannan ki kunna.

Sadiƙa: To.

Hafizu: Kuma ko an rage, kar ki yarda da abin murɗawa. Ruwan sanyi za ki hwara zubawa, sannan na zahi. Ki tsoma gwiwar hannunki, ba yatsa ba, yatsanku na masu tuƙa tuwo ya saba da wuta. In gwiwar ba ta iya zama ciki har ki karanta Ƙulhuwallahu ba, bai yi ba.

Sadiƙa: Gwiwar hannu. Na riƙe.

Hafizu: Jiƙawar ma a bar ta. Wankewa kawai, ki tsane mai da tsumma mai tsabta har tsakanin yatsu. Bororon kuma kar a hwasa, kar a sa mai toka ko man goge baki, ki lulluɓe da...

Sadiƙa: Yaya, ga Baba bakin ƙohwa. Yac ce in ba shi wayar.

Hafizu: Ya taka ƙasa? Da takalmi?

Sadiƙa: Da takalmi. Baba, zauna nan tukuna. Ungo, nan za ka kara.

Baba: Salamu alaikum. Hafizu ne?

Hafizu: Ni ne, Baba. Ina kwana? An tashi lahiya?

Baba: Lahiya lau. Ya kasuwa? Ya mutanen Sabon Birni?

Hafizu: Suna gaishe ka. Ya ƙarhin jiki?

Baba: Jiki da godiya. Kai ne ka sa yarinyar ga ta zubar mani da ruwa?

Hafizu: Ni ne, Baba, ka yi haƙuri. Ruwan nan ya yi zahi da yawa.

Baba: Kai da ke Sabon Birni ka san zahin ruwan da ke Isa?

Hafizu: Baba, ko nama anka sa ciki sai shi dahu.

Baba: Ni na yi shekara sittin ina taka rairayin Tsamaye da tsakar rana, ba takalmi. Ƙahwata ba irin taku ba ce ta 'yan kanti.

Hafizu: Na sani, Baba. Amma don Allah in tambaye ka, kar ka yi hushi. In ka sa ƙahwar cikin ruwan, mi kake ji?

Baba: Mi kac ce? Wayar ga ba ta da kyau.

Hafizu: Wayar lahiyarta lau, Baba. Mi kake ji?

Baba: Auta, je ki tara bokitin da anka ce maki. Je ki mana.

Hafizu: Baba?

Baba: Babu.

Hafizu: Na'am?

Baba: Babu abin da nike ji. Ka ji daɗi?

Hafizu: Subhanallahi. Tun yaushe?

Baba: Tun damina. Ranar da munka yi maimai gonar hwadama, na dawo gida na ga jini bisa tabarma. Na duba, ƙaya ce tsawon ɗan yatsa cikin tahin ƙahwa. Wuni guda ina yawo da ita.

Hafizu: Tun damina, Baba! Kuma ba ka gaya ma kowa ba? Ko ni?

Baba: In gaya maka ka yi mi? Ka ɗauke ni sai asibiti. Ɗanmusa maƙwabcina da ƙahwa biyu ya tahi, da guda ya dawo. Yanzu shina zaune bakin zaure, gonarshi ta zama ta ciyawa, yara na kai mai ruwan alwala.

Hafizu: To ai kai ka ga tururin ruwan ga da idonka. Ka san da zahi.

Baba: Ni yaro ne? Na sani mana. Shi ya sa ban taɓa sa hannu ciki ba.

Hafizu: To don mi kake cewa a ƙara?

Baba: Cewa nike barci ta yi. Nac ce in anka ƙara, anka ƙara, wata rana za ta ji ta hwalka. Ko sau guda in ji ta ƙone ni in ce wash, in san tana nan. Kullum in na sa sai in ruhe ido in jira.

Hafizu: Wayyo Baba.

Baba: Kar ka yi mani kuka cikin kasuwa, mutane na kallo.

Hafizu: Ba kuka nike ba. Baba, ka saurare ni. Ɗanmusa ba asibiti ce ta ci ƙahwarshi ba. Shekara guda yay yi shina ɓoye gyambo cikin safa, kai da bakinka ka ba ni labari. Taka bororo biyu ne, ko hwashewa ba su yi ba. Yau in anka duba, magani ne da bandeji. In ka ƙara kwana ukku cikin ruwan ga, wallahi da hannunmu za mu kai ka inda kake tsoro.

Baba: Hm.

Hafizu: Ruwan zahi ba shi tashe ta, Baba, sai dai shi cinye ta. Ƙahwar da ba ta ji ai tana tahiya. Ba da ita ka je masallaci ba?

Baba: Da ita.

Hafizu: To da ita za ka koma Tsamaye, in mun kiyaye ta. Da takalmi dai, kuma kullum a duba.

Baba: Noma da takalmi. Allah mai iko.

Hafizu: Ni za ni sayo maka mai laushi yau ɗin ga. Za ni bar ma Is'haƙa kayan, in shiga motar azahar, kahin la'asar ina gida in Allah ya so. Mu tahi a duba ta tare.

Baba: Ka bar kayanka don bororo?

Hafizu: Na bar su.

Baba: In sunka ce yanka hwa?

Hafizu: Ba su cewa. In ma sun hwaɗi wata magana, ina tsaye nan, ba mai taɓa ka sai ka ji ka yarda.

Baba: To. Auta! Abin nan na bango, bar shi inda yayanki yac ce. Kar ki ƙara ko na ce ki ƙara.

Sadiƙa: To, Baba.

Baba: Yarinyar ga kuka take tun ɗazu, tana cewa ita ta ƙona ni. Ke, share idonki. Ni na yi maki ƙarya, kwana shida ina sa ki ɗaukar alhaki. Ki yahe mani.

Sadiƙa: Haba Baba, don Allah bar hwaɗi.

Baba: Daga yau ke za ki riƙa ji mani. In kin ce ya yi, ya yi.

Hafizu: Allah shi ƙara maka lahiya, Baba. Ka ba ta wayar in gaya mata abin da za ta lulluɓe...

Baba: Tsaya, ban gama ba. Tunda na hwara, bari in ida. Kac ce mi nike ji, nac ce maka babu. To akwai. Tsoro nike ji, Hafizu. Tun ranar ƙayar nan ban kwana ban tashi ba sai da shi. Shi kam ina jin shi sarai, har cikin ƙashi. Ban taɓa gaya ma ɗan Adam ba, ko innarku da tana da rai ban san ko za ni iya ba. Kana ji na? Hafizu? Hafizu! Auta, zo ki duba abin ga, ya yi shiru.

Sadiƙa: Katin ne ya ƙare, Baba.

Baba: Tun yaushe?

Sadiƙa: Ban sani ba. Amma ni na ji. Miƙo ƙahwar in gani.